FILIN MATA: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

'Yan'uwana mata, uwayen gida da amare, da ku 'yan makaranta da a ke kira ku karanta wa manya jarida bayan la'asar.  Makon jiya na yi muku alkawarin zancen ajiyar busasshiyar kuɓewa da kauɗar tumatir kafin ruwa ya sauka. To, ku yi mini aikin gafara, na ɗage shi sai wani mako, gama na gano wani abu da ya fi shi gaggawa, shi ma kuwa zancen tanadi ne kafin damina.

Ran nan na je suna wani ƙauye a ƙasar Birniwa. Ba zan faɗi sunan garin ba, ba kuwa zan faɗi na mai jegon ba, amma ita da bakinta ta ce in ba ku labarinta, ko Allah ya sa wata ta tsira. Da na shiga ɗaki na tarar da ita zaune a bakin gado, ta yi fari fat, ga jariri a cinya, ga wani yaro da bai cika shekara biyu ba ya rarrafo ya riƙe zanenta, ƙafafunsa kamar sillen kara. Na yi mata barka, na ce Allah ya raya. Ta ce amin. Sa'an nan ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, wallahi ba sakaci na yi ba. Sau uku na je."

Ga yadda abin ya faru. Haihuwarta ta biyar ta zo da gardama, ta zubad da jini da yawa. Malamar asibiti ta ce mata lalle ta huta shekara biyu kafin ta sake ɗaukar ciki. Maigidanta ya yarda, ba da jayayya ba. Aka ɗora ta a kan ƙwayar tazarar haihuwa irin ta masu goyo, kati ɗaya duk zuwa. Tana sha ba fashi har yaron ya yi wata 9. Cikin watan Agusta, ran da ta haɗiye ƙwayar ƙarshe, ta hau babur ta tafi ƙaramin asibitin da ke kusa da su. Ta tarar malamar ta fita aikin rigakafi cikin ƙauyuka, ɗakin a kulle. Bayan kwana uku ta koma, aka ce magani ya ƙare, ana jiran mota daga sito. Da ta yi shirin komawa na uku, an kwana ana ruwa, fadamar da ke tsakaninsu ta cika, babur ba ya wucewa, mai amalanke kuwa ya ce ba zai sa shanunsa ba. Ta kai bakin ruwa ta juyo. Kafin ta sami sabon kati an yi kwana 11. Ashe mai aukuwa ta auku.

Da ciki ya bayyana, tsofaffin gida suka ce nono ya ɓaci, aka yaye yaron rana ɗaya, ya kama zawo ya lalace. Ita kuwa da haihuwa ta zo, sai da aka ɗauke ta zuwa Haɗeja cikin dare aka ƙara mata jini. Mun gode Allah, uwa da ɗa suna nan. Ɗa kyauta ce ta Allah, ba wadda za ta ce ba ta so. Amma ku dubi wahalar da mutum uku suka sha, ita da na goye da na ciki, a kan abin da bai fi cikin tafin hannu ba. Kafin in wuce, bari in gyara wata magana: ciki ba ya mai da nono guba. Mai ciki lafiyayya tana iya ci gaba da shayarwa in tana cin abinci sosai, sai fa in likita ya hana.

Tazara Ba Baƙuwa Ba Ce

Kada wata ta ce wannan sabon abu ne. Kakanninmu sun san shi sarai. Don me a ke tafiya wanka gida a daɗe? Don me a ke shayad da yaro shekara biyu kafin yaye? Don me mace kan ji kunya in aka ce ta yi kwanika, ko ana ce da ita mai rurrutsa? Duk don jikin uwa ya koma daidai ne, na goye kuma ya yi ƙwari. Hukumar Lafiya ta Duniya ma abin da ta ce ke nan, a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da sabon ciki. Abin da ya sake shi ne hanya. Da guru ne da laya, da zaman gidan iyaye. Yanzu kuwa ga ƙwaya, wadda aka fara yarda da ita a Amurka a 1960, har ta iso mana.

Sai dai ƙwaya tana da hali guda, wanda dole kowace mai sha ta sani. Ba ta da ajiya a jiki. Ta yau ta yau ce, ta gobe sai an sha. Tana hana ƙwan mace fitowa, tana kuma kaurara ruwan da ke bakin mahaifa don ya tare hanya. Ran da aka daina, jiki ya koma aikinsa nan da nan. Wannan albishir ne ga mai tsoron wai ƙwaya tana kashe mahaifa, gama ba ta kashewa. Amma gargaɗi ne ga wadda katinta ya ƙare. Cikin mata 100 masu sha kullum ba kuskure, ba a samun ko guda cikakkiya da ke ɗaukar ciki a shekara. Amma in aka haɗa da masu mantuwa da masu yankewa, sai a sami wajen 7. Kun ga ashe laifin ba na ƙwaya ba ne, na giɓi ne.

Me Ya Sa A Ke Cewa Babu?

Tun 2011 Gwamnatin Tarayya ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati. To, kyauta ce, amma daga nesa ta ke. Yawancin magungunan nan a ƙasashen waje a ke yin su, a sayo su da kuɗin gwamnati da na masu taimako, kamar asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a. Jirgin ruwa ya sauke su a Ikko, watau Legas, a zuba a babban sito, daga nan a rarraba wa jihohi, sa'an nan a loda a mota a bi ƙananan asibitoci ɗaya ɗaya. Ku auna nisan Ikko da Dutse, ku ƙara na Dutse da Haɗeja, ku ƙara na Haɗeja da Birniwa, sa'an nan ku sa rairayin da ke tsakanin Birniwa da ƙauyukanta, irin su Diginsa da Kazura da Kachallari. Ko'ina igiyar nan ta tsinke, a hannun mace ta ƙauye a ke jin zafin. A 2025 kuma Amurka ta rufe hukumarta ta ba da taimako, USAID, wadda ta daɗe tana cikin masu sayo wa Nijeriya waɗannan kaya. Saboda haka in malamar asibiti ta ce miki babu, kada ki zage ta. Sau da yawa ita ma jira ta ke yi.

Ga kuma namu na gida, watau ruwa. Ba wanda ya manta ambaliyar 2020 da ta 2022, sa'ad da Kogin Haɗeja ya tumbatsa ya cinye gonaki, ya rushe gidaje, ya yanke hanyoyi, har wasu garuruwa sai da kwalekwale. 'Yan'uwanmu na wajen Guri da Kirikasamma da Auyo sun fi kowa sani. Ko shekarar da kogi bai yi ɓarna ba, Agusta da Satumba watanni ne na laka da cikar fadama. Mun san wannan, shi ya sa mu ke tanadin itace da gishiri da busasshen kifi tun da bazara. To, don me ba za mu sa magani cikin lissafi ba?

Abin Da Za Ki Yi

Na farko, kada ki jira sai kati ya ƙare. Ran da ki ka ga saura ƙwaya 10, ranar ce ta tafiya. In kin tarar ba kowa, ko an ce babu, kina da sauran kwanaki a hannu da za ki sake komawa ko ki nemi wani wuri.

Na biyu, ki roƙi fiye da kati ɗaya. Ba roƙon alfarma ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa ba mace har na shekara guda, watau kati 13, in akwai kaya kuma ƙwayar ta karɓe ta. Ba kullum za a samu haka a wurinmu ba, amma ki buɗe baki ki ce, "Malama, garinmu da nisa, damina kuma ta ƙarato, a taimake ni da na wata uku ko huɗu." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wadda ta yi shiru, ɗaya za a miƙa mata.

Na uku, ki tafi da katin asibitinki, ki kuma riƙe tsohon katin ƙwayar da ki ka shanye, kada ki jefar. Sunan maganin yana jikinsa. Da shi za ki nuna a wani asibitin, ko a babban asibiti na Birniwa ko na Haɗeja, ko a kemis, a ba ki irinsa daidai. In malamar tana da waya, ki karɓi lambarta, a tambaya kafin a ɓad da kuɗin babur.

Na huɗu, ki san irin taki, gama ƙwayar iri biyu ce. Akwai mai haɗi biyu, kamar Microgynon. Katinta ƙwaya 28 ne, 21 masu haske su ne maganin, 7 masu launin ƙasa kuwa na ƙarin jini ne, lokacinsu ne al'ada kan zo. Akwai kuma mai sinadari ɗaya, kamar Microlut ko Exluton, wadda a kan ba masu goyo don ba ta rage nono. Ita duk ƙwayoyinta magani ne, ba hutu tsakanin kati da kati. Kada mai kemis ya ce miki duk ɗaya ne. Mai haɗi biyu ba ta dace da mai goyon da bai kai wata 6 ba, ko mai hawan jini, ko mai ciwon kan nan na ɓari guda da ke zuwa da walƙiya a ido, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai shan taba da ta kai shekara 35. Shi ya sa farawa sai a asibiti, inda za a auna jininki. Kemis na ƙari ne ga wadda ta riga ta san tata.

Na biyar, in a kemis za ki saya, a duba lambar NAFDAC, a duba ranar lalacewa. Kada ki sayi na tallan kasuwa da ya wuni a faranti cikin rana. A gida kuma kada ki soke shi a jikin rufin kwano ko kusa da murhu. Kun san zafin Birniwa a watan Afrilu. Ki sa shi cikin gwangwani mai murfi a ƙasan akwati, inda ba zafi ba laima, inda kuma hannun yara ba ya kaiwa.

In Giɓi Ya Riga Ya Auku Fa?

To, a nan ku kasa kunne, ku 'yan makaranta kuma ku karanta a hankali, ku maimaita.

In mai haɗi biyu ki ke sha, ki ka manta kwana 1 ko 2, ko ki ka makara fara sabon kati da kwana 1 ko 2, ki sha guda da zarar kin tuna, ki ci gaba kamar kullum. Ba abin tsoro sosai. Amma in ya kai kwana 3 ko fiye, ki sha guda, ki ci gaba, sa'an nan ku ƙaurace wa juna kwana 7, ko maigida ya yi amfani da kwaroron roba. Makara wajen fara sabon kati ta fi kowace haɗari, don kuwa kin riga kin yi kwana 7 kina shan masu launin ƙasa, jiki ba magani. Kowace rana da ta ƙaru a kai, ƙofa ce a buɗe.

In ta masu goyo ki ke sha, ita ba ta da haƙuri ko kaɗan. Lokaci ɗaya a ke shanta kullum. In kin wuce lokacin da awa 3, kuma al'adarki ta riga ta dawo, ki sha nan take, ki ci gaba, ku yi hattara kwana 2. Ki ɗaura ta da abin da ba ki mantawa, kamar sallar isha'i ko shimfiɗar yara.

In kuwa an sadu cikin kwanakin giɓin, akwai ƙwayar gaggawa, irin su Postinor-2. Gwargwadon saurin shanta, gwargwadon amfaninta. Cikin kwana 3 ya fi, ba ta wuce kwana 5. Ba ta zubad da cikin da ya riga ya zauna, ba kuwa abin sha kullum ba ce. In al'ada ta ƙi zuwa, ki je a gwada fitsari. In an ga ciki, ki daina ƙwaya ki fara zuwa awo, kada kuma hankalinki ya tashi, gama wadda ki ka sha kafin ki sani ba ta nakasa ɗa.

Akwai waɗansu dabaru da na ke ji a gidajen biki, ina roƙonku ku bar su. Wata ta ce tana sha yau ta tsallake gobe don kati ya daɗe. Wata ta ce ita sai ranar girkinta ta ke sha, tun da sauran kwanakin maigida yana ɗakin abokiyar zamanta. Wata kuma ta raba kati biyu da maƙwabciya. 'Yan'uwa, duk wannan zuba ruwa a rariya ne. Ƙwaya ba ta san ranar girki ba. Haka kuma mai cewa ai ina shayarwa, ba zan ɗauka ba. Shayarwa tana tsarewa ne in abu uku sun haɗu: yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla ya ke sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. In ɗaya ya faɗi, sauran ba su riƙe ki.

Ki kuma gaya wa malama in ana ba ki maganin tarin fuka ko na farfaɗiya, don waɗansunsu suna rage ƙarfin ƙwaya. In kuwa ki ka ji ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko ido ya yi rawaya, ki bar sha ki nufi asibiti a ranar.

Ga Mai Nisan Gida

In kin duba kin ga kowace damina sai an yanke ku, to, watakila ƙwaya ba ita ce ta dace da ke ba. Akwai allura ta wata 3, wadda ko an makara da mako 4 ana iya yi. Akwai irinta ƙarama, Sayana Press, wadda malama za ta koya miki ki riƙa yi wa kanki a cinya ko a ciki, a ba ki ki tafi da ita gida. Akwai ashanar da a ke sa wa a damtse, wata ta shekara 3, wata ta shekara 5. Akwai robar mahaifa mai kai shekara 10. Ashana da roba duk ran da ki ke son haihuwa sai a cire. Tun 2014 aka yarda ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci da aka horar su riƙa sa ashana, ba sai an je gaban likita ba. Ba zan ɓoye muku ba, kowace da halinta. Allura da ashana sukan rikita al'ada, ta yi ta ɗigo ko ta ɗauke, bayan an bar allura kuma ciki yakan yi 'yan watanni bai zo ba. Ki zauna da malama, ki tambaya har ki gamsu, ki shawarci maigida, sa'an nan ki zaɓa. Matambayi ba ya ɓata.

Ku kuma masu gida, na san kuna leƙa filin nan in mun ajiye jarida, sannunku. Wanda ya yarda matarsa ta huta ya yi rabin aiki. Sauran rabin shi ne izinin fita a kan lokaci, da kuɗin babur, da haƙurin kwana 7 in an ce a yi. Kai da ke zuwa kasuwa kowane mako, me zai hana ka sa tsohon katin a aljihu ka biya ka karɓo mata? Kuɗin babur bai kai kuɗin jini leda ɗaya ba.

Ku 'yan makaranta, wannan zance na gidan aure ne, lokacinku yana zuwa. Amma tun yanzu kuna da aiki. Da yawa cikin iyayenku da yayyenku ba su karanta boko ba. Ku ne za ku duba musu ranar lalacewar magani, ku rubuta musu ranar komawa asibiti a jikin kalanda, ku ƙidaya musu saura nawa. Ku riƙe sirrinsu kuma, kada a ji a bakin rijiya. Wadda ta yi ƙoƙari a karatu har ta zama malamar asibiti ko ungozoma, ta dawo gida ta yi aiki, gama rashin ma'aikata ne ya sa ɗaki ɗaya ke kulle in mutum ɗaya ya fita.

Daga ƙarshe ina miƙa kuka ga hukumomin lafiya na jiha da na ƙaramar hukuma, da hakimai da dagatai da ke zama a kwamitocin asibiti. Damina ba ta zuwa ba sallama. A kai wa asibitocin ƙauye kayan wata uku ko huɗu tun kafin hanya ta ɓaci, a kuma ba malamai izini su ba matan nesa kati da yawa. In magani ya yanke, a aika wa mai unguwa ya sanar, kada mace ta ɓad da wuni da kuɗi a banza.

Mai jegon nan da na ba ku labarinta, kafin in fito ta ce mini da an yi arba'in za ta je a sa mata ashana, maigidanta ma shi zai kai ta. Yaron kuma an fara karɓo masa abincin tamowa a asibiti, har ya soma tsayawa da kansa. Allah ya ƙara musu lafiya.

To, 'yar'uwa, hadari ya fara haɗowa a gabas. In kin ajiye jaridar nan, ki buɗe akwati ki ƙidaya ƙwayoyinki. Wadda ke da tambaya ta rubuto, ba sai ta sa sunanta ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai zancen kuɓewa da kauɗa.

Ku huta lafiya.

Taku,
Yayarku ta Filin Mata